Lambun gida a arewacin Zamfara: abin da ake shukawa da lokacin da ake shuka shi

Littattafan koyar da aikin lambu da aka rubuta a Ingila ko arewacin Amurka suna ɗaukar lokacin sanyi a matsayin lokacin hutu, wanda mai lambu ke jingine kayan aikinsa ya jira ƙanƙara ta narke. A Kurya Madaro da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, abin akasin haka yake. Sanyin hunturu a wannan yanki ba ya kai matakin daskarar da ruwa, don haka ba ya kashe tsiro. Shi ne ma lokacin da tumatir da albasa da latas da kabeji da karas suka fi yin kyau. Abokin gabar mai lambu a nan zafin bazara ne da ƙarancin ruwa.

Wannan ya sa shekarar mai lambu take farawa a watan Oktoba, daidai lokacin da manomin damina ke kai amfaninsa gida. Wanda ya makara da wata guda a farkon rani, a watan Maris zai ga sakamakon makararsa, lokacin da furen tumatir zai riƙa zubewa ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba.

Batun ya wuce na sha'awa. Shekaru da dama ke nan hare-haren 'yan bindiga suna hana mutanen waɗannan ƙananan hukumomi isa gonaki da fadamun da ke nesa da gari, kuma duk lokacin da hanya ta rufe, farashin kayan miya ne ke fara nunawa a kasuwa. Ga ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ke da ɗan fili a bayan gida, fangali huɗu ko biyar na iya ɗauke masa wani kaso na cefanen yau da kullum.

Yanayin yankin

Damina takan sauka sosai a watan Yuni, ta kai ƙarfinta a watan Agusta, lokacin marka, sannan ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai ɗan gajeren zafin agazari, wanda ke zuwa tare da kaka. Hunturu yakan shigo a Nuwamba ya kai Fabrairu, da busasshiyar iska daga arewa maso gabas, wadda ke ɗauko ƙura daga Sahara. A tsakiyarsa, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, ya hau kusan 30 da rana. Daga Maris zuwa Mayu kuwa bazara ce, inda zafin rana kan kai digiri 40 ko ya haura.

Ƙasar yankin iri biyu ce. Akwai jigawa mai rairayi, wadda ke shanye ruwa da sauri ta kuma bushe da sauri, ita ce ta fi yawa a cikin gidaje. Akwai kuma ƙasar fadama mai laka a gefen koguna kamar Gagare da Bunsuru, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa. A irin waɗannan fadamu ne aka daɗe ana noman rani da jigo, kafin shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 ya yaɗa gajerun rijiyoyin tiyo da ƙananan injinan ban-ruwa a faɗin Arewa.

Lissafin ruwa kafin sayen iri

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen iri, alhali da ruwa ya kamata a fara. Lissafin ba shi da wuya. A tsananin zafi, kowane murabba'in mita na ƙasar da ke ɗauke da tsiro yana buƙatar lita 6 zuwa 8 na ruwa a kullum. A hunturu buƙatar takan ɗan ragu, sai dai ba da yawa ba, domin iskar busasshiya ce.

Fangali huɗu, kowanne mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5, sun zama murabba'in mita 20. Za su sha kamar lita 120 a rana, wato jarka biyar mai lita 25. Fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi da aka shimfiɗe da ciyawar ado kuwa zai sha aƙalla lita 600, wato jarka 24 a kowace rana. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa sai ya buga wannan adadi da kuɗin jarka a unguwarsu, ya ga abin da zai kashe a wata. Girman lambu ya zama daidai da ruwan da za a iya samu a watan Afrilu, ba wanda ake gani a rijiya a watan Oktoba ba.

Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk suna da amfani ga lambu. Ruwan wanki mai omo da yawa yana tara gishiri a ƙasa, saboda haka a kai shi gindin manyan itatuwa, kada a zuba a fangalin ganye. Ruwan kwata ko na kusa da masai bai dace da abin da ake ci ɗanye ba, kamar latas da karas.

Kaka: gyaran ƙasa da rainon iri

Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba ake share fili, a kafce ƙasa zurfin kamar kamu ɗaya, a cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki. Bokiti ɗaya na kashin shanu ko na awaki da ya ruɓe ya wadaci murabba'in mita biyu. Kashin kaji ya fi ƙarfi, rabin wannan ya isa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Idan za a kawo ƙasa daga waje, a san inda aka ɗebo ta. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010 ta fito ne daga dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma ƙasar irin wannan wuri ba ta shiga lambu.

A lokacin rani ana yin fangali ne mai zurfi a ciki, da ɗan tudu kewaye da shi, domin ruwa ya tsaya a gindin shuka. Kafin a shuka komai a kewaye wurin da darni ko zana, musamman ta gefen arewa da gabas inda iskar hunturu ke bugowa. Shingen nan kuma shi zai tsare awaki da kaji, waɗanda kan gama da aikin wata guda a hantsi ɗaya.

Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da kabeji duk raino ake fara yi musu a ƙaramin fangali. A watsa iri a jere, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Da zarar tsiro ya ɓullo a ɗauke ciyawar, a yi masa 'yar rumfa saboda zafin agazari. Tumatir da kabeji sukan isa dashe cikin mako 4 zuwa 5, tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6, albasa kuwa mako 6 zuwa 8, lokacin da kaurinta ya kusa kai na fensir.

A cikin nau'o'in tumatir da aka saba da su a noman rani akwai Roma da UC82B, masu tsokar da ke jure ɗauka da ajiya. A albasa, 'yar Galmi, wadda ta samo sunanta daga garin Galmi na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ta yi suna wajen daɗewa a ajiye. A sayi iri a rufaffiyar leda ko gwangwani mai ɗauke da kwanan wata. Irin albasa musamman ba ya wuce shekara guda da ƙarfinsa.

Hunturu: dashe da kulawa

Nuwamba da Disamba su ne watannin dashe. Da yamma ake yin sa, bayan an jiƙa fangalin raino domin tsiro ya fita da ƙasarsa. Tumatir yana son tazarar santimita 45 tsakanin gindi da gindi, da santimita 60 tsakanin layi da layi. Kabeji ma kusan haka. Albasa santimita 10 zuwa 15 ta ishe ta. Karas ba a dasa shi: a inda zai girma ake shuka shi, cikin ƙasa mai laushi marar duwatsu, sannan a rage tsiron idan ya yi cunkoso. Latas ana iya shuka shi kashi-kashi duk bayan mako biyu daga Nuwamba zuwa Janairu, domin kada ya nuna gaba ɗaya a rasa yadda za a yi da shi.

Mako biyu bayan dashe ake sa takin zamani na kamfa, wato NPK 15-15-15, cikin murfin kwalba ɗaya ga kowane gindin tumatir, a binne shi ɗan nesa da kara, a bi da ruwa. Bayan mako uku ko huɗu a ƙara yuriya kaɗan. Yawan yuriya yana sa ganye ya yi duhu ya cika, 'ya'ya su yi ƙaranci, albasa kuma ta ƙi ajiyuwa.

Ban-ruwa da sassafe ko da la'asar ya fi, kuma a gindi, ba a kan ganye ba. A jigawa kusan kullum ne, a ƙasar laka duk bayan kwana biyu ko uku. Hanyar ganewa ita ce a tura yatsa cikin ƙasa: idan akwai danshi a gaɓa ta biyu, a bari sai gobe. Tumatirin da ake bari ya bushe sannan a cika shi da ruwa yakan tsage, ko ƙasansa ya yi baƙi ya ruɓe.

Amfanin hunturu ga mai lambu biyu ne. Sanyin dare yana taimaka wa tumatir ƙulla 'ya'ya, kabeji ya dunƙule, latas ya yi taushi. Bushewar iska kuma tana rage cututtukan ganye da ke addabar shuka da damina. Illarsa ita ce ƙura da ke kwanciya a kan ganye, wadda ake wankewa da yayyafi sau ɗaya a mako, da safe.

Ƙwari da maganinsu

Babbar barazana ga tumatir ita ce tsutsar da manoma ke kira sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifaniya a 2006, kuma a 2016 ta yi wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ɓarnar da ta sa tumatir ya gagari talaka a kasuwannin Najeriya. Alamarta ita ce farin tabo mai kama da taga a cikin ganye, da ƙananan ramuka a jikin 'ya'ya. Takan tsananta idan zafi ya fara, wanda shi ma dalili ne na yin dashe da wuri. A ƙaramin lambu, a riƙa duba ganye duk bayan kwana biyu, a tsinke wanda ya kamu a binne ko a ƙona.

Farin ƙuda yana yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ta tsumburar da shi. Gindin da ya kamu ba ya warkewa, sai dai a tuge shi. Darɓa kuma tana taruwa a bayan ganyen kabeji da kuɓewa. Ga waɗannan akwai magani a ƙofar gida: a daka busassun 'ya'yan dogon-yaro, kamar giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma sau ɗaya a mako.

Wanda zai yi amfani da maganin kanti ya karanta takardar jikinsa, ya kiyaye adadin kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinki amfanin. Maganin sauro na fiya-fiya ba na ganyen ci ba ne. Haka kuma kada a maimaita tumatir ko tattasai ko gauta a fangali ɗaya shekara biyu a jere, domin danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. A bi bayansu da albasa ko wake ko alayyafo.

Bazara: girbi da tsare abin da ya rage

Daga Janairu zuwa Maris ake tsinkar tumatir. A daidai wannan lokaci ne yake arha a kasuwa, don haka ribar mai lambun gida tana cikin ajiya. A yanka shi biyu, a shanya a kan tabarma mai tsabta a bisa rumfa, ba a ƙasa ba, ya zama kauɗar da za ta kai gida har tsakiyar damina, lokacin da ɗanye ke tsada. Tattasai da barkono ma haka.

Albasa tana nuna a Maris ko Afrilu. Idan rabin ganyenta ya kwanta, a tsayar da ban-ruwa na kwana 10 zuwa 14, a cire, a bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe, sannan a ajiye ta a wuri mai shan iska. Albasar da aka cusa a buhun leda da ɗanyen wuya ruɓewa take yi.

Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, furen tumatir zubewa yake yi, latas ya yi tsiri ya yi ɗaci. Jayayya da wannan asarar ruwa ce. Abin yi shi ne a rage fangula zuwa waɗanda ruwa zai iya riƙewa, a koma ga masu jure zafi: alayyafo, wanda ake yanka cikin mako 3 zuwa 4, da kuɓewa, wadda ke fara bayarwa cikin kamar wata biyu, da lalo da rama da zogale. A rufe fuskar ƙasa da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsa uku, a kuma kafa rumfar kara mai ɓarɓashin inuwa. Ƙananan itatuwan da ba su wuce shekara biyu ba su ne farkon masu haƙƙin ruwa, domin ganye ana sake shi cikin wata guda, itace kuwa sai an sake jiran shekaru.

Wanda gidansa daɓen siminti ne zai iya noma a buhu. A cika buhun taki ko na shinkafa da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a huda ƙasansa. Buhu ɗaya yana ɗaukar gindin tumatir ko attaruhu ɗaya, kuma ana iya janye shi zuwa inuwa idan rana ta take.

Damina: itatuwa da takin baɗi

Da damina tsarin fangali yakan juya. Maimakon rami, kunya ake tadawa domin ruwa ya wuce kada saiwa ta ruɓe. Kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa da gauta da barkono duk suna yi. Tumatir na wahala saboda laima da cututtuka, sai an ɗaure shi a sanda an kuma zaɓi irin da aka tanada don damina. Kada a ruɗu da ruwan farko na watan Mayu, wanda sau da yawa fari ke biyo bayansa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen saukar damina da ɗaukewarta a farkon kowace shekara, kuma yana da kyau a saurare shi.

Yuli ne watan dashen itatuwa: mangwaro, gwaiba, lemun tsami, gwanda da zogale. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a cika da ƙasa da taki, a kewaye da ƙaya ko kwando. Mangwaro da dogon-yaro a nisanta su da katanga da masai saboda saiwarsu. A lokacin ne kuma ake haƙa ramin taki, a riƙa zuba ciyawar da aka nome da ganye da toka da kashin dabbobi, ana juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Zuwa Oktoba ya ruɓe, daidai lokacin da sabon fangali ke jiransa. A kula kada tulu ko tsohuwar taya su tara ruwa a lambu, domin nan sauro ke haihuwa.

Ciyawar ado

Harabar ofisoshi da makarantu da wasu gidaje sukan so shimfiɗar koren ciyawa. Wadda ta dace da yankin ita ce ƙiri-ƙiri, mai yaɗo a ƙasa, mai jure taku da zafi. Ba a buƙatar sayen irinta daga waje. Ana tsinko sassan yaɗonta a dasa su da tazarar kamu ɗaya a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, kuma kafin damina ta ɗauke ta rufe fili. Tana son rana sosai, ba ta yi a ƙarƙashin inuwar mangwaro.

Da damina a riƙa yanka ta duk mako ko kwana goma, a bar tsayin santimita 3 zuwa 5, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. Ciyawar da aka bari ta yi tsawo maɓoyar maciji ce da sauro. Ƙarangiya da tsidau a tuge su kafin su yi 'ya'ya. A kuma yi mata iyaka da bulo, in ba haka ba za ta kutsa cikin fangali ta gagari cirewa.

Da rani akwai zaɓi biyu. Wanda ke da rijiyar burtsatse zai iya ba ta ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako, wanda ya fi yayyafin kullum amfani saboda yana tura saiwa ƙasa. Wanda ba shi da ita ya bar ta ta bushe. Ƙiri-ƙiri takan yi ja kamar ta mutu, amma saiwarta na nan da rai, kuma takan farfaɗo da ruwan farko. A garin da maƙwabta ke bin layin famfo, zuba jarka 24 a kan ciyawa kowace rana abu ne da mai gida zai auna da kansa.

Jadawalin shekara a taƙaice

Oktoba: gyaran ƙasa, shinge, rainon tumatir, tattasai, albasa da kabeji.

Nuwamba da Disamba: dashe, shukar karas da latas, sa taki.

Janairu da Fabrairu: ban-ruwa, duba ƙwari, fara tsinka, shukar latas ta ƙarshe.

Maris zuwa Mayu: cire albasa, shanya kauɗa, rage fangula, komawa ga alayyafo da kuɓewa da zogale.

Yuni zuwa Satumba: tada kunya, dashen itatuwa da ƙiri-ƙiri, haɗa takin rami.

Mai farawa ya fara da fangali biyu, ɗaya na alayyafo ɗaya na tumatir, ya rubuta ranar shuka da ranar dashe da yawan jarkar da ya zuba. Idan shekara ta zagayo, wannan rubutu ne zai gaya masa ko ya ƙara fangali ko ya tsaya a inda yake.